Babi na Biyar: Me Ya Sa Manhajata Ta Ƙi Aiki?

"Malam, wallahi na kwafi komai yadda mai bidiyon ya rubuta, harafi bayan harafi. Nasa ya tashi, nawa ya ƙi. Laftof ɗin ce ba ta da kyau, ko kaina ne ba ya ja?"

Duk wanda ya zauna da matasa masu koyon rubuta manhaja a Agege, Jankara, Idi-Araba ko Mile 12 ya san wannan tambaya. Ya kuma san halin da ake yin ta a ciki: an raba dare ana kallon jan rubutu, data ta kusa ƙarewa, caji saura kaɗan. A daidai wannan gaɓa ne masu koyo da yawa suke rufe laftof su ce abin ba nasu ba ne.

Galibi laftof ɗin lafiyarta ƙalau, kan ma haka. Abin da aka rasa shi ne wanda zai koya wa mai tambayar yadda ake bin sawun kuskure. Bidiyon koyarwa hanya ce da aka riga aka share, an yanke duk inda malamin ya yi tuntuɓe kafin a ɗora shi a YouTube. Ga shi kuma an shirya shi ne da sunaye, kuɗi da kwanan wata na wata ƙasa.

Ɗan Agege na yau yana dab da wannan sana'a. Jirgin ƙasan Red Line da ya fara jigila a 2024 yana tsayawa a Agege, ya tsaya a Ikeja inda ake sayo laftof na hannu a Computer Village, ya wuce Yaba inda cibiyar CcHUB take, wadda Bosun Tijani da Femi Longe suka kafa, Mark Zuckerberg kuma ya ziyarta a 2016. Tijanin nan ya zama minista a 2023, aka fito da shirin 3MTT na horar da 'yan Najeriya miliyan uku a fannin fasaha. Ƙwararrun da ke aiki a Yaba su ma kullum sai sun ga jan rubutu. Abin da suka fi sabon shiga da shi shi ne sun san abin da za su yi a minti goma na farko.

Fara da karanta jan rubutun

Da jan rubutu ya cika allo, sabon shiga yakan rufe shi da sauri, ya taɓa wani wuri a kod ɗin, ya sake gwadawa. Alhali wannan rubutu shi ne shaidar da kwamfuta ta ba shi. Turanci ne mai tauri, babu shakka, amma kalmomin da ke maimaituwa a cikinsa kaɗan ne, kuma abu uku kake nema: wane irin kuskure ne, a wane fayil, a layi na nawa.

A Python daga ƙasa ake fara karatu. Layin ƙarshe ne yake faɗin irin kuskuren, waɗanda ke samansa su nuna wurin. A Java daga sama ake farawa, sai ka gangaro har ka ga sunan fayil ɗin da kai ka rubuta da hannunka. SyntaxError yana nufin ka saɓa ƙa'idar rubutu: ka buɗe baka ba ka rufe ba, ko ka manta ruwa biyu a ƙarshen layin if. NameError yana nufin ka kira sunan da harshen bai sani ba, kuma sau da yawa za ka tarar ka rubuta Farashi da babban baƙi a sama, farashi da ƙarami a ƙasa. A wajen kwamfuta waɗannan abubuwa biyu ne daban. NullPointerException a Java, ko ƙorafin null da undefined a JavaScript, suna cewa ka nemi amfani da abin da ba a zuba komai a cikinsa ba tukuna. A shafin yanar gizo, dalilin da ya fi yawa shi ne kod ɗin ya nemi wani maɓalli tun kafin burauza ta gama gina shafin. Mayar da shi ƙasan shafin, ko ka sa masa defer, sai a wuce wurin.

Lambar layin kuwa tana nuna inda kwamfuta ta farga ne, wanda ba lallai ya zama inda aka yi ɓarnar ba. In ta ce layi na 40, ka duba ba ka ga komai ba, ɗaga ido zuwa na 39 da na 38.

Shafin yanar gizo yakan yi shiru. Ka danna maɓalli, ko motsi. Danna F12 a Chrome, Firefox ko Edge. Sashen Console zai nuna kurakuran JavaScript, sashen Network kuma ya nuna kowace buƙata da burauza ta aika wa sabar da amsar da ta samu. Lamba 404 tana nufin babu komai a adireshin da ka nema, 403 an hana ka shiga, 500 kuwa kod ɗin da ke kan sabar ne ya faɗi. Wannan kallo ɗaya ya raba maka gardama: matsalar tana burauza ko tana sabar. Akwai masu koyo da kan kwana suna gyaran JavaScript alhali PHP ne ya mutu a can baya. In PHP ya ba ka farin shafi fayau, buɗe fayil ɗin da sabar ke rubuta kurakurai a ciki, saƙon yana nan.

Wani lokaci kod ɗin ba shi da laifi

Kafin manhaja ta yi aiki, akwai tarkacen da dole su zauna daidai a ƙarƙashinta, kuma a makonnin farko su ne suka fi ba da wahala.

Ka saka Python, ka buɗe baƙin allon umarni, Windows ta ce ba ta san wannan umarni ba. Akwai wani ɗan akwati a shafin farko na sakawa da ke cewa a ƙara Python cikin PATH, wato jerin wuraren da Windows ke leƙawa in an kira wani shiri. Ba ka sa masa alama ba. Sake sakawa, ka sa alamar, ka rufe allon umarnin ka buɗe sabo. Ko kuma ka sauke wani ƙunshi da pip, ya ce ya gama, amma kod ɗinka ya ce bai gan shi ba. Duba da kyau, wataƙila Python biyu ne a kwamfutar, pip ya kai kayan gidan ɗaya, kai kana aiki da ɗayan. Haka nan bidiyon da kake bi yana iya zama tsoho. An daina kula da Python 2 tun 1 ga Janairu 2020, amma darussansa suna nan birjik, kuma ko umarnin print ba iri ɗaya ake rubuta shi a sigogin biyu ba.

Masu koyon PHP da XAMPP suna da nasu. Apache ya ƙi tashi saboda wani shiri ya riga ya tare ƙofa mai lamba 80; canza zuwa 8080 ko ka rufe wancan. MySQL ya ƙi saboda akwai wani MySQL ɗin a ƙofa ta 3306. Wani kuma zai danna fayil ɗin PHP sau biyu kamar hoto, burauza ta baje masa kod ɗin tsirara. Dole a bi ta adireshin localhost, domin sabar ce ke sarrafa PHP.

Akwai ɗaya da ta shafe mu musamman, mu masu laftof na hannu. A cikin kwamfuta akwai ɗan ƙaramin batir da ke riƙe agogo ko an kashe ta. In ya mutu, kwanan wata yakan koma shekaru baya. Daga nan burauza ta fara cewa shafuka ba su da tsaro, pip da npm su ƙi sauke komai suna ƙorafin takardar shaida, domin kowace takardar shaidar tsaro tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma da agogonka ake auna su. Dubi kusurwar allo ka ga wace shekara kwamfutarka take. Gyaran bai wuce minti ɗaya ba, batirin kuma ana samunsa a wajen masu gyara. Haka in intanet ta yanke ana tsakiyar saukar da kaya da npm, kada ka ɗora gini a kan rabin kaya. Goge foldar node_modules ka sake daga farko.

Taɓa abu ɗaya, ka gwada

Kalli mai gyaran janareta a bakin titi. Kafin ya ɗauki sifana zai tambaye ka: yaushe ya daina, me aka yi masa na ƙarshe? Sai ya leƙa mai, ya ja igiya. Ya cire fulogi ya goge, ya ja igiya. Ba ya kwance kafireta da fulogi da kwayil a tare, domin in injin ya tashi ba zai san wanne ne ya gyaru ba, in kuma ya ƙi ba zai san wanne ya ƙara ɓatawa ba.

Haka ake yi wa kod. Tambaya ta farko ita ce: me na canza tun lokacin da abin yake aiki? Ta biyu: zan iya sa kuskuren ya sake faruwa duk lokacin da na so? In ba ka iya maimaita shi ba, ba za ka san ko ka gyara shi ba. Daga nan sai ka rage fili. Sa print a Python, ko console.log a JavaScript, a tsakiyar kod ɗin, ka sa ya nuna abin da ke cikin mazubin da kake zargi. In daidai yake a nan, ɓarnar tana ƙasa. In ba daidai ba, tana sama. Sake raba rabin biyu. Layi dubu, in ana raba shi haka, bai wuce tambaya goma ba ka iso kan layi ɗaya.

Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne ka kalli abin da ke cikin mazubin da idonka. Kada ka ce ai na san abin da ke ciki. Kurakuran da suka fi cin lokaci suna ɓuya ne a inda mutum ya rantse ba sai ya duba ba.

Lambar waya, naira da kobo

Daga nan za mu shiga kurakuran da ba sa kawo jan rubutu ko kaɗan. Manhaja tana aiki, tana fitar da amsa, amma amsar ƙarya ce. Waɗannan su suka fi haɗari, tunda ɗan kasuwa zai yarda da su.

A ce ka rubuta wa wani mai sayar da hatsi a Mile 12 ɗan shafin lissafi. Kuɗin kaya 2000, kuɗin dako 500, jimla ta fito 2000500. Duk abin da aka buga a cikin fom, burauza a matsayin rubutu take miƙa shi, kuma in ka sa alamar tarawa tsakanin rubutu biyu, JavaScript jona su yake yi. Umarnin input na Python ma rubutu yake dawowa da shi. Sai ka mayar da shi lamba tukuna kafin lissafi.

Akasin haka ma yana faruwa. Lambar wayar Najeriya alƙaluma 11 ce, da sifili take farawa. Ka ajiye ta a matsayin lamba, sifilin ya ɓace, kamar yadda Excel ke yi. Bai tsaya nan ba. Gurbin INT na MySQL ba ya ɗaukar abin da ya wuce 2,147,483,647, alhali lambar da ta fara da 0803, in an cire sifilin, ta haura biliyan takwas. Gwargwadon yadda aka saita rumbun bayanan, ko dai ya ƙi karɓa, ko ya datse ta zuwa iyakarsa, ka wayi gari kwastomominka duka lambarsu ɗaya: 2147483647. Ƙa'idar mai sauƙi ce. Abin da ba za ka tara ko ka ɗebe ba, irin lambar waya, NIN, BVN da lambar asusun banki, ajiye shi a matsayin rubutu.

Kada wanda wannan ya kama ya ji kunya. Ranar 4 ga Yuni 1996, rokar Turai Ariane 5 ta tashi a karon farko daga Kourou a Kudancin Amurka, ta tarwatse cikin daƙiƙa kusan 40. Bincike ya gano an yi ƙoƙarin cusa wata lamba mai bit 64 a gurbi mai bit 16, wanda iyakarsa 32,767. An gado kod ɗin ne daga Ariane 4, inda lambar ba ta kai haka, sabuwar rokar kuwa tafiyarta daban. Injiniyoyi ne na gaske, amma sun ɗauko abin da ya yi aiki a wani wuri ba su gwada shi da yanayin sabon wurin ba. Mai kwafo kod daga intanet ya riƙe wannan.

Sai kuɗi. Buɗe Console ka rubuta 0.1 + 0.2. Amsar da za ka gani ita ce 0.30000000000000004. Kwamfuta da sifili da ɗaya take ƙirga, kuma akwai gutsattsarin lambobi da ba sa zama cif a wannan tsari. A ciniki ɗaya ba a gani. A lissafin wata sai littafi ya ƙi daidaita. Saboda haka ake ajiye kuɗi a kobo, cikakkiyar lamba, sai lokacin nunawa a raba da 100. Paystack, kamfanin karɓar kuɗi da Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a 2015, a kobo yake karɓar adadi. In kana son naira 5,000 sai ka aika 500000. Wanda ya aika 5000 naira 50 ya caji kwastoma.

Ranar da Sa'adu ya yi rajista

Wannan sashe ya fi kowanne damuna, domin sunayenmu ne a ciki.

Mai bidiyo yana gwada fom ɗinsa da John da Mary. Kai ma ka gwada da Musa da Binta, komai lafiya. Ka miƙa wa makarantar Islamiyya manhajar rajistar ɗalibai, ranar farko aka zo kan Sa'adu, sai ta faɗi. Haka za ta yi a kan Mu'azu, Rabi'u, Shu'aibu, Asma'u da Nafi'u.

Ga abin da ya faru. A harshen SQL, wanda ake magana da rumbun bayanai da shi, ana kewaye rubutu da waƙafin sama, ɗaya a farko ɗaya a ƙarshe. Sabon shiga yakan ɗauki abin da aka buga a fom ya liƙa shi kai tsaye cikin umarnin, sai ya zama 'Sa'adu'. Rumbun ya ga waƙafi na farko ya buɗe, ya karanta Sa, ya ga na biyu ya ɗauka an rufe. Sai ya tarar da adu a tsaye, bai san ko mene ne ba.

Maganin da wasu ke yi shi ne su hana waƙafin a fom, su ce sunan ba daidai ba ne, ko su goge shi a ɓoye Sa'adu ya koma Saadu. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Ƙasar da Umaru Musa 'Yar'adua ya shugabanta daga 2007 zuwa 2010, mai waƙafi biyu a suna ɗaya, bai kamata ɗanta ya rubuta manhajar da za ta ce wa mutum sunan da mahaifinsa ya raɗa masa kuskure ne ba. Bayan haka ma ramin yana nan. Tunda waƙafin Sa'adu ya iya rufe rubutu, ɓarawo ma zai iya buga waƙafi da gangan, ya biyo shi da nasa umarnin, rumbun ya zartar. Ta wannan hanya aka shiga rumbun kamfanin sadarwa na TalkTalk a Ingila a 2015, aka taɓa bayanan mutum kusan 157,000, hukuma ta ci kamfanin tarar fam 400,000.

Gyaran gaskiya shi ne a raba umarni da bayani. Ka rubuta umarnin da alamar tambaya a gurbin sunan, ka miƙa sunan daban. PDO a PHP, sqlite3 a Python da PreparedStatement a Java duk suna yin haka, kuma bai fi layi biyu ba. Daga nan ko me aka buga, rumbun zai ɗauke shi a matsayin suna kawai.

Haruffa masu ƙugiya

Ƙ, ɗ da ɓ suna lalacewa ta hanya uku, kuma kamannin lalacewar ne zai gaya maka inda za ka duba.

In ka rubuta ƙasa ta fito Æ™asa, ko ɗan ya fito É—an, ko alamar ₦ ta koma â‚¦, bayaninka yana nan lafiya. An ajiye shi da tsarin UTF-8, inda ƙ ke cin bayit biyu, aka karanta shi da tsohon tsarin Windows-1252 mai ɗaukar kowane bayit a matsayin harafi guda. Sanar da burauza a saman shafin cewa UTF-8 ne, ka tabbatar haɗin da ke tsakanin kod da rumbu shi ma haka.

In alamar tambaya ce ta maye gurbin harafin, ?asa, to an yi asara. Gurbin rumbun an saita shi da tsarin da bai san ƙ ba, irin latin1, ya zubar da harafin tun lokacin ajiya. Gyara saitin zai kare na gaba, amma na baya sai an sake bugawa. A MySQL zaɓi utf8mb4 tun ranar farko. Tsohon wanda suke kira utf8 bayit uku ne iyakarsa, yana ɗaukar ƙ amma ya shaƙe da 'yan fuskokin dariyar da mutane ke turawa daga waya.

In kuma ɗan akwati ne fanko, komai daidai yake, zubin haruffan da ka zaɓa ne ba a zana masa ƙugiya ba. Canza zuwa irin Noto ko Andika.

Mai rubuta manhajar tebur da Python a Windows ya riƙa faɗa wa umarnin open cewa utf-8 yake so, in ba haka ba yana iya ganin UnicodeEncodeError da zarar Ɗanladi ya shigo. Wajen bincike kuma ka tuna cewa wanda ya yi rajista da Ɗanladi gobe zai buga Danladi daga wayar da ba ta da ƙugiya, kuma abin da muke rubutawa 'y a Najeriya, a Nijar ƴ ne. Manhaja mai kyau ta nemo su duka.

"Ai a wajena tana aiki"

Ka gama manhajar tebur, ka sa a filashi, ka kai shagon Alhaji, ta ƙi buɗewa. Fara duba adireshin fayiloli. In ka rubuta cewa hoton tambari yana cikin C:\Users sannan sunanka sannan Desktop, wannan folda babu ita a kwamfutar Alhaji. Sa kayan a cikin foldar manhajar, ka nuna su daga nan. Sannan duba ko tasa kwamfutar tana da Java ko .NET da manhajar ke buƙata, da kuma ko mai bit 32 ce alhali ka gina na 64.

A yanar gizo, ranar ɗora shafi a hostin ita ce ranar tonon asiri. Windows ba ta bambanta Hoto.JPG da hoto.jpg, amma yawancin sabar Linux ne, kuma Linux yana bambantawa. Hotuna su ɓace, 404 ta cika Network. Sunan rumbu da kalmar sirri ma sun canza. XAMPP yana barinka ka shiga da root ba kalmar sirri, hostin ba zai bari ba. In ka gyara fayil amma shafin bai canza ba, burauza ce ke nuna maka tsohon da ta adana. Danna Ctrl da F5.

Lokaci ma yana da nasa. Sabar da yawa agogon UTC suke bi, Najeriya kuwa tana gaba da awa ɗaya, don haka cinikin ƙarfe 12:30 na dare zai faɗa lissafin jiya. 03/04/2025 a wajenmu 3 ga Afrilu ne, a Amurka 4 ga Maris. JavaScript kuma daga sifili yake ƙirga watanni, Janairu 0, Disamba 11. Ajiye kwanan wata da shekara a gaba, 2025-04-03.

In ta sandare

Manhajar tebur da ta yi fari, Windows ta rubuta Not Responding, yawanci ba mutuwa ta yi ba. Ka ba ta dogon aiki, kamar jiran intanet, a kan layin da ke kula da zana allo da amsa dannawa, kuma in taga ta yi kusan daƙiƙa biyar ba ta amsa ba Windows takan sa mata wannan tambari. Mayar da dogon aikin layi na daban. A shafin yanar gizo kuwa, jinkiri yana sa mutum ya danna maɓallin biya sau uku, oda uku ta shiga. Kashe maɓallin da zarar an danna, sabar ma ta ƙi maimaici. A sashen Network akwai inda za ka rage gudun intanet da gangan. Gwada da shi, tunda kwastomanka da datar waya zai buɗe, wataƙila a tsakiyar kasuwa.

Yadda ake neman taimako

In ka yi duk wannan abin ya ƙi, tambaya ba abin kunya ba ce, amma tana da ladabi. Hoton allo da aka ɗauka da waya a karkace, aka tura zauren WhatsApp da "don Allah ku taimaka, ba ya aiki", ba wanda zai iya yin komai da shi. Faɗi abin da kake son ya faru, abin da ya faru, ka kwafo saƙon kuskuren a rubuce, ka faɗi harshe da sigarsa, ka kawo mafi ƙanƙantar kod da ke nuna matsalar. Sau da yawa wajen tsamo wannan ɗan guntun ne za ka ga kuskuren da kanka.

Tun da ChatGPT ya fito a Nuwamba 2022, shi da ire-irensa sun zama wurin tambayar farko. Suna da amfani, musamman wajen fassara saƙon kuskure zuwa magana mai sauƙi. Shawarata ita ce ka nemi bayanin dalili kafin ka nemi gyara, kuma kada ka liƙa layin da ba za ka iya faɗin aikinsa ba, domin sukan kawo amsa mai kyan gani wadda ba daidai ba. Kada kuma ka tura musu, ko ka tura zaure, kalmar sirrin rumbunka, mabuɗin sirri na Paystack ko bayanan kwastomomi. Amana ce aka ba ka.

Tambayar da muka ce ita ce ta farko, me na canza tun lokacin da abin yake aiki, tana da wuyar amsawa in kana dogara da ƙwaƙwalwa, ko da foldoji masu suna sabo, sabo2 da na-ƙarshe. Ta fi wuya in an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, ko laftof ta ɓata a mota. Akwai kayan aikin da Linus Torvalds ya rubuta a 2005 don wannan matsala, sunansa Git: yana riƙe tarihin kowane canji, ya nuna maka layin da ka taɓa, ya mayar da kai jiya in yau ta ɓaci. Shi ne darasin babi na shida. Kafin ka juya shafi, buɗe manhajar da kake ginawa yanzu, ka yi wa Asma'u Ɗanladi rajista, da lambar waya mai sifili a gaba, da kuɗi naira 1,250 da kobo 50. Rubuta duk abin da ya karye a takarda, da shi za mu fara aiki a can.